Karen da Aka Turke Kamar Ragon Layya

Na gode wa Allah da ya ba ni ƙarfin wannan jinya, ya kuma bar ni da raina har nake ba da labarinta. Bari in faɗa tun yanzu don kada in ɓata wa kowa lokaci: jinyar kare ce. Wanda yake ganin abin kunya ne mace mai jikoki ta yi jinyar kare, ya tsaya a nan ya kama gabansa. Na rubuta ne saboda masu sayen manyan karnukan nan da suka fara yawa a gonakin Kazaure da Roni, su san abin da ake ba su da abin da ba a ba su. Na kuma rubuta saboda ƙanin mijina, Sale, mai kiwon turka a Babura. Na san ba shi da haƙurin dogon karatu, amma ba zai rasa mai karanta masa ba.

Maigidana Malam, Allah ya jiƙansa, da ya bar aikin koyarwa sai ya zuba abin da ya samu a lambu, can bayan garin Roni a gindin duwatsu. Mangwaro, gwaba, 'yan tumaki da kaji. Zagaye wurin da bulo ne ya gagara, ɓarayi kuwa suka mai da shi kamar gadon ubansu. Wata rana ya dawo daga Jos da kwali a kujerar baya. Na leƙa na ga kwikwiyo, watansa biyu a duniya, amma tafin ƙafarsa ya kai bakin kofin shayi.

Na ce, "Malam, wannan kare ne ko ɗan maraƙi?"

Ya yi dariya ya ce irin manyan karnukan Afirka ta Kudu ne da ake kira bowabul, kuma tunda bulo ya gagara, ga katangar lambu nan ya kawo. Sunan da ya bi shi ke nan, Katanga.

Malam da kansa yake ba shi abinci, sau uku a rana, da wani tsohon gwangwanin madara yake aunawa. Akwai abincin buhu na 'ya'yan manyan karnuka da yake sayowa a Kano, ya haɗa da dafaffen kifi ko ƙwai. In kwikwiyon ya lashe kwano ya zuba mana ido, na ce a ƙara masa mana, sai Malam ya ce, "Asabe, irin wannan ba a gaggawa da shi. Namansa yana riga ƙashinsa girma. Ranar da kika ga ya yi tumbi, to an cuce shi."

Katanga yana wata huɗu Malam ya kwanta, ciwon 'yan kwanaki, Allah ya karɓi abinsa. Cikin maganganunsa na ƙarshe da ni har da wannan: "Ki kula da karen nan, ba shi da baki."

Na shiga takaba. Mai takaba ba ta zaryar lambu safe da yamma, kuma ba a kawo kare gidan da ake salla ana karɓar gaisuwa. 'Yata Rabi tana aure a Gwiwa, ɗana yana aiki a Kudu. Ranar sadakar bakwai Sale ya durƙusa a bakin ƙofar ɗakina ya ce, "Yaya, ki bar mini karen. Dabba ai sana'ata ce. Kafin ki fita takaba za ki ga aiki."

Na ji daɗi, har na sa masa albarka. Na sa aka ba shi ragowar buhun da gwangwanin awon, na maimaita masa maganar Malam tiryan-tiryan. Yana ta "To, Yaya, to." Daga baya na ji cewa yana isa Babura ya ce wannan almubazzarancin 'yan boko ne, ya watsa wa kajinsa abincin.

Washegarin fitata takaba sai ga shi a lambu da motar ɗaukar raguna, har da abokansa biyu da ya ɗebo su zo su shaida. Aka sauke murfin baya. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un! Abin da na gani ba kare ba ne, buhun gero ne aka yi wa kai. Ciki ya sauka, gashin kwiɓinsa ya zube, ƙafafun gaba sun gwame, gaɓoɓin sun kumbura suntum. Sai da mutum uku suka sauko da shi. Ya yi 'yan taku zuwa wajena, ya gane ni, ya kaɗa jela, sannan ya zube yana haki.

Sale kuwa baki har kunne. "Yaya, taɓa nan ki ji! Wallahi ko ragon layya albarka."

Ban taɓa ba. Na dube shi na ce, "Me ya samu ƙafafunsa?"

Ya ce, "Ƙiba ce. Zai miƙe."

Makon farko ya fara da shan ruwa kamar ba gobe, da fitsari a inda yake kwance. Kafin makon ya raba sai ya ƙi abinci. Amai ya biyo baya, sai zawo, sai rawar jiki, har ya kai ko kansa ba ya iya ɗagawa. Na fita tasha neman mota zuwa Kazaure. Duk direban da na ce wa kare ne sai ya ja baya, wai fasinja ba za su ƙara shiga motarsa ba. Wani har da ce mini, "Hajiya, ki ji tsoron Allah mana." Na ce shi nake ji, shi ya sa nake neman mota.

Wadda ta fisshe ni ita ce Madam Rifkatu, mai kawo kifin ƙanƙara daga Kazaure, wadda Malam yake sayen kifin karen a wajenta. Ina kiranta ta ce, "Mama, kar ki motsa, ga mu nan." Ta sauke kwalayen kifinta a shagon wani, ta shimfiɗa buhuna a bayan motarta, ita da direbanta suka ɗora shi. Allah ya saka wa wannan baiwar Allah da alheri, ya raya mata zuri'a.

Wajen wani likitan dabbobi mai zaman kansa ta kai mu. Layi har bakin titi, masu awaki, masu shanu, masu kaji a kwando, kowa ya bar dabbarsa ya dawo kallona. Wani dattijo mai tunkiya ya ce, "Hajiya, da girmanki? Ai da kin bari kawai ya mutu." Na ce, "Baba, taka tunkiyar ma mutuwa za ta yi, me ya kawo ka?" Sai bayan azahar aka zo kanmu.

Likita ya duba ido, ya duba dasashi, ya matsa ciki, ya ɗaura masa ƙarin ruwa. Sannan ya ce, "Hajiya, banda abinci, me ake ba karen nan?" Na ce ban sani ba, amma ga wanda ya sani. Na kira Sale na buɗe murya kowa yana ji.

"Wallahi tallahi, Yaya, tuwo ne da 'yar dusa. Ko ƙwaya ɗaya ban taɓa ba shi ba."

Likita ya karɓi wayar ya lallashe shi, ya ce ba laifi ake nema ba, rai ake so a ceta. Sale ya ƙara rantsuwa. Likitan ya ajiye waya ya ce, "To, zan bi ta kan ciwon kaska da guba. Amma in akwai abin da aka ɓoye mini, lalube nake yi a cikin duhu."

Ku riƙe wannan wurin, domin a nan ne ni da Sale muka raba gari. Rashin sani ba ya sa in ƙullaci mutum. Amma ya san abin da ya ba shi, ya san dabbar tana kwance rai a hannun Allah, na sake kiransa a makon nan har ina kuka, ya sake rantse mini da Allah.

Mako na biyu na mai da wunina lambu. Na ware zane guda da safar hannu da bokiti na jinya kawai, in na gama in wanke jikina tas in sauya kaya in yi salla. Romon kaza marar gishiri nake ɗura masa da sirinji ta gefen baki, rabi ya shiga rabi ya dawo. Allurai ake ta yi, ba sauƙi. Na sayar da tumakina biyu masu ciki, ban ko tsaya ciniki ba.

Su kuma 'yan'uwa suka buɗe nasu asibitin. Yaya Ladi, yayar Malam, ta ce a kira mai ɗori ya miƙar da ƙafafun, a riƙa gasa su da ruwan zafi da ganyen darbejiya. Wata ta ce kambun baka ne, a yi masa turare. Wani cikin dangi ya ce a ɗauke shi a kai bayan dutse a bar shi, Allah ya yi yadda ya so da shi. Na ce in ya kwanta ciwo ya tuna mini, akwai wuri a bayan dutsen. Yaya Ladi ta ce bakina zai ja mini. Ita dai na gode mata, domin duk da faɗanta kullum sai ta aiko mini da abinci lambu.

Ranar kasuwar Babura na tashi da wani tunani. Na san Sale yana kara, kasuwar dabbobi, wajen ragunansa, ba zai dawo gida ba sai yamma. Na bar karen a hannun mai ban-ruwan lambu na hau mota. Matarsa Hansatu tana ganina ta sunkuyar da kai. Ban tambaye ta komai ba, na ce ta nuna mini inda Katanga ya zauna.

Ɗakin turka ne, irin wanda ake kulle rago a yi masa ƙiba. Ba taga, sai wata 'yar kafa a sama. Ga turke a tsakiya, ga igiya a jikinsa, na auna ta da hannuna, kamu biyu. Wata huɗu da 'yan kwanaki kwikwiyo mai tasowa yana ɗaure a nan, bai ga rana ba, bai yi gudu ba, don kada ya ƙona kitse. Haka ake yi wa rago, kuma Sale bai san wata hanyar kiwo ba. A kusurwa ga kwanon da ake dama masa dusa da ƙuli-ƙuli da kitsen mahauta da garin ƙashi, ga tukunyar ruwan kanwa. Hansatu ta ce har miyar da ta kwana ake juye masa, da albasarta da yajinta. A saman katanga kuma na hango wata leda a soke. Na miƙa hannu na jawo ta da kaina, in maimaita, da kaina, ba wanda ya nuna mini. Ƙwayoyin ƙiba ne, waɗanda ake kira sha-ka-fashe, da yake daka wa ragunansa a cikin dusa.

Sai a lokacin na gane dalilin rantsuwar. Tsoro yake kada masu sayen ragunansa su ji. Ya auna sirrin kasuwarsa da ran amanar yayansa, ya zaɓi kasuwa. Na kwance igiyar daga turken na naɗe ta a jakata tare da ledar, na wuce Kazaure ko ruwa ban sha ba.

Likita yana ganin ledar ya dafe kai. Kalmar da ya faɗa har yau tana kunnena, siteroyid. Ya ce maganin nan in an daɗe ana ba dabba, jikinta yana dogara da shi, ba a yanke shi rana ɗaya. Ranar da Sale ya sauke karen a lambu ranar aka yanke, shi ya sa jikin ya rushe. Ya ce, "Da an faɗa mini tun farko, da ba mu kai nan ba." Ya mai da shi kan maganin kaɗan, ya tsara yadda za a riƙa ragewa a hankali har a rabu. Kafin mako na uku ya ƙare Katanga ya ɗaga kai ya lashi romo da harshensa. Na zauna a ƙasa na yi kuka kamar yarinya.

Da Sale ya ji na je gidansa sai ga shi a lambu yana huci. "Yaya, kare ne fa! A kan kare za ki shiga gidana ki tona mini asiri?"

Na ce, "Ban fara ba tukuna."

Da Katanga ya ɗan yi ƙarfi Madam Rifkatu ta sake kai mu, wannan karon Kano, aka ɗauki hoton ƙashi. Muka wuni a layi. Likitan can ya ɗaga hoton ya nuna mini gaɓoɓin gaba da ƙugu ya ce, "Ƙashi bai nuna ba aka ɗora masa kaya. Abin da ya lanƙwashe ya lanƙwashe, sai dai mu hana shi ƙaruwa." Ya ce garin ƙashin nan da mutane suke gani gata ne, ga ɗan babban kare ɓarna ne, yana hana gaɓa tsayawa daidai. Maganar Malam ce dai, da bakin wani.

Daga nan jinya ta koma ta kwano. Na nemo wani gwangwanin madara na koma awo. Abincin buhu na manyan karnuka, ɗan kifi, kabewa dafaffiya don ta cika masa ciki ba tare da ƙiba ba. Ya riƙa kallona da idon nan nasa, ni kuma in kau da kai, domin likita ya ce sai na riƙa jin haƙarƙarinsa a tafin hannuna. Da sanyin safiya nakan zaga da shi a kan yashi tsakanin bishiyoyin mangwaro, yau bishiya ɗaya, jibi biyu. Watanni muka yi a haka kafin tumbin ya tafi gashi ya dawo. Ƙafafun dai ba su dawo ba, yana tafiya yana tangaɗi kamar tsohon da ya sha noma.

Ni kuma na cika alkawarin tonon asirin da na yi wa Sale. Na ɗauki hoton ƙafafun da na ledar a wayata. Duk gidan suna, duk gidan biki, daga Roni zuwa Gwiwa har Kanya Babba, in an zauna an fara hira sai in ciro waya in ce, "Ku ga aikin ƙanin mijina. Abin da yake ba ragunansa ke nan." Mata kuwa ba a bar su da labari ba. Babbar Salla ta zo, ragunan Sale suka wuni a kara ana zagaye su, masu saye suna latsa su suna cewa ruwa ne. Ya kai ƙarata wajen dangi, aka taru a zauren Yaya Ladi. Na ce a nuna mini kalma ɗaya da na ƙara. Aka ce in yi haƙuri don zumunci, na ce haƙuri ina yi, shi ya sa ban kai shi ko'ina ba sai gaban mata.

Katanga ya girma a haka. Da ya cika girma na mai da abincinsa sau biyu, da sassafe da kuma bayan la'asar in rana ta yi sanyi. Ban taɓa tara masa a kwano ɗaya ba, kuma in ya ci sai ya huta kafin ya motsa, domin likita ya gargaɗe ni cewa cikin irin waɗannan yana iya murɗewa ya kashe su a wuni guda. Dafaffen ƙashi, albasa, ragowar abincin biki, kitsen layya, duk na hana, har mai ban-ruwa sai da muka yi faɗa da shi a kan kan kaza. Ruwa kuwa randa guda na ajiye masa a inuwa. Gudu bai taɓa yi ba a rayuwarsa, amma muryarsa kaɗai ta isa. In ya yi haushi daga gindin gwaba har duwatsun nan amsawa suke yi. Tun da ya dawo lambun ko ƙwai ba a ƙara ɗauka ba.

An ce irinsa sukan kai wajen shekara goma. Shi yana shekara biyar tsufa ya kama shi. Ƙugun ya fara ƙin ɗaukarsa, sai na sa zane ta ƙarƙashin cikinsa ni da mai ban-ruwa mu ɗaga shi. Na rage abincin na jiƙa shi da ruwan ɗumi, na ƙara kifi. Daga baya likita ya ce ƙoda ma ta gaji, aka rage naman. Ya koma cin 'yar loma daga hannuna. Wata safiya na iso lambu da kwanonsa, ya ɗaga ido ya dube ni, ya buga jela a ƙasa sau ɗaya, bai ci ba. Kafin hantsi Katanga ya cika, kansa a kan takalmina. A gindin gwabar aka haƙa masa rami.

Don haka mai babban kare, ka ji da kyau. Ɗansa ba rago ba ne, ba a turke shi, ba a yi masa ƙiba, ba a ba shi kanwa ko garin ƙashi ko ƙwayar kasuwa. In za ka ba wani riƙonsa, kar ka ba wanda idonsa ya saba auna dabba da nauyi. In kuma likita ya tambaye ka abin da ka ba dabba, ka faɗi gaskiya ko da za ta kunyata ka.

Bana Sale ya samu kujerar Makka. Ya bi dangi gida-gida yana neman yafiya kamar yadda aka saba, ni ya bari a ƙarshe. Ya zo da Yaya Ladi ta yi masa rakiya, ya durƙusa a bakin ƙofar nan da ya durƙusa ranar sadakar bakwai.

"Yaya, zan tafi ɗakin Allah. Abin da ya wuce, don Allah ki yafe mini."

Yaya Ladi ta ce, "Asabe, ki dubi Allah. Tafiya ce da ba a san dawowa ba."

Na shiga ɗaki na buɗe akwati na ɗauko igiyar, na ajiye a gabansa. Ya gane ta, na ga fuskarsa ta sauya. Na ce, "Sale, nawa haƙƙin, na rantsuwar da ka yi mini ina kuka, ban yafe ba. Na Katanga kuwa ba ni da ikon yafewa, ba ni aka ɗaure ba. Yayanka ya ce mini ba shi da baki. To akwai ranar da za a ba shi, sai ka tambaye shi da kanka."

Ya tashi ya fita ya bar igiyar a ƙasa, Yaya Ladi ta bi shi tana salati.

Washegari na naɗe igiyar a leda na kai tasha, na ba direban Babura na ce ya miƙa a gidan Sale, a sa masa a jakar tafiya. Kamu biyu ce, ba za ta ƙara masa nauyin kaya ba.